Hankaka Ba Shi da Rumbu, Tururuwa Tana da Shi

(Kiɗan buɗe shiri)

Ina gaida na gida da na gona, da masu jin mu a shago, da direbobin da ke kan hanya, da iyayenmu mata da suka jingina rediyo kusa da murhu. Maƙwabtanmu Musulmi da ke tare da mu kowane mako, ku gyara zama, zancen yau ba baƙonku ba ne.

Da rigimar gado za mu fara. In da Littafi Mai Tsarki kusa da kai, buɗe Bishara ta hannun Luka, sura 12. In hannunka na cikin ƙullu ko yana kan sitiyari, bar shi, zan ba ka labarin da bakina.

Ran nan taro ya yi taro, har mutane na tattake juna, Yesu yana koyarwa. Can sai wani ya ɗaga murya, ya roƙi Yesu ya sa baki ɗan'uwansa ya raba gado da shi. Ka ji fa. Ana zancen rai da mutuwa, shi dukiyar babansu ce ke cinsa. Kada mu yi saurin yi masa dariya, wataƙila da gaskiyarsa, wataƙila an danne masa haƙƙi kamar yadda ake danne wa ƙanne da marayu har gobe. Amma Yesu ya ƙi zama alƙalin rabon gado. Sai ya ja kunnen taron gaba ɗaya a kan haɗama, ya ba su misalin wani manomi mai arziki da damina ta yi wa kyau har amfanin gona ya fi ƙarfin rumbunansa. Mutumin ya zauna ya yi shawara da zuciyarsa: zai rushe rumbunan, ya gina manya, ya zuba komai, sannan ya miƙe ƙafa ya ci ya sha shekara da shekaru. A daren nan Allah ya kira shi wawa, aka karɓi ransa.

Daga nan Yesu ya juya wurin almajiransa, ya nuna musu hankaka. Ya tuna musu cewa wannan tsuntsu bai taɓa riƙe fartanya ko lauje ba, bai mallaki rumbu ko ɗaya ba, duk da haka daga hannun Allah yake ci. Matiyu a sura 6 ya kawo koyarwar da tsuntsaye gaba ɗaya. Luka ne ya kama sunan hankaka, kuma zaɓen ya ba ni sha'awa. Namu mai farin ƙirji ne, nasu na can baƙi ne wuluk, amma halin gidan ɗaya ne: bakin mahauta, kan juji, inda aka yar da mushe. A dokar Musa, cikin Littafin Firistoci sura 11, yana cikin tsuntsayen da aka haramta ci. Ba mai kiwonsa, ba mai watsa masa tsaba kamar tattabara, ba mai kai shi haikali hadaya. Tsuntsun da ba ya cikin lissafin kowa, shi Yesu ya ɗauko ya kafa a gaban mai rumbuna.

To, na san akwai wanda tun yanzu ya gyara kwanciya a kan benci, yana cewa ai ga shi an faɗa a rediyo, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ɗan'uwa, tashi zaune. Ka taɓa ganin hankaka ya yi rana a kan reshe yana jiran a kawo masa? Tun kafin ka wanke ido ya fita, ya zaga kasuwa, ya leƙa bayan gari, ya tona nan ya tona can. Maƙwabtanmu Musulmi suna da irin wannan misali a koyarwarsu ta tawakkali, a can ma tsuntsun fita yake yi. Manzo Bulus kuwa bai yi wa Tasalonikawa kwana-kwana ba a kan wanda ya ƙi aiki yana son ci. Abin da hankaka ba ya yi shi ne kwana ido biyu yana lissafin baɗi. Yakan ɓoye ɗan guntun nama ya dawo masa in yunwa ta taso, iyakar ajiyarsa ke nan. In rana ta faɗi ya nemi reshe, ranar ta ƙare. Mu kuwa tamu ranar ba ta ƙarewa. Mun ci mun ƙoshi, mun kwanta, sai lissafi ya tashi: kuɗin makaranta na zango mai zuwa, filin da wane ya saya, rufin kwanon da maƙwabci ya canja. Wani lissafin na bukata ne, wani na ido ne, kuma na idon ya fi hana barci.

Akwai kuma manomin gero ko shinkafa a Yobe ko Kebbi ko Jigawa da zai ce, "Malam, ai a gonata ake ciyar da su." Da gaskiyarsa. Wanda jan-baki ya taɓa sauko wa gona, ɗan mitsitsin tsuntsun nan mai nauyin wajen giram 20 da ake ƙiyasin ya fi kowane tsuntsun daji yawa a duniya, wanda 'ya'yansa suka wuni suna kaɗa gwangwani suna ihu har murya ta dushe, ba zai ji wa'azin tsuntsu da daɗi ba. Kori abinka, baba. Ba a ce mu kwaikwayi duk halin dabba ba, kura ma ai dabba ce. Abu ɗaya Yesu ya nuna a jikin tsuntsun, shi za mu ɗauka.

Yanzu ga inda mai karatu da lura zai tsaya. Littafin da ya ce mu dubi tsuntsun da ba shi da rumbu, shi ne kuma a Karin Magana sura 6 ya tura rago wurin tururuwa ya koyo hankali, don tana tara abincinta da kaka ba tare da wani ya tsaya a kanta ba. Ɗaya ba ya tari an yabe shi, ɗaya tana tari an yabe ta. Wanne za mu bi?

Je ka masussuka bayan an gama sussukar gero an kwashe, ka tsuguna. Za ka ga wata siririyar hanya an share ta fes, ta ratsa ciyawa har bakin rami. Layi biyu ne a kanta, masu tafiya baki wofi da masu dawowa kowace da ƙwayar gero guda. Wata za ta ɗauko wadda ta fi ƙarfinta, ta ja da baya, ta suɓuce mata, ta sake kamawa. A bakin ramin akwai tarin ƙaiƙayi, don a ciki suke ɓare tsabar su watso ɓawon waje. In ruwa ya shiga tsabar ta jiƙe, da rana ta fito sai su fito da ita su shanya, su mayar. Kowane yaron ƙauye ya san wannan. Abin dariya, akwai lokacin da waɗansu masana a Turai suka yi shakkar ayar, don tururuwar ƙasashensu masu sanyi ba ta tara hatsi. Sai a 1873 wani ɗan Ingila mai suna Moggridge, da ya zauna a garin Menton a kudancin Faransa yana tona gidajen tururuwa, ya wallafa abin da ya gani: ɗakuna cike da tsaba. Da sun tambayi tsohuwa guda a Maraɗi ko Zonkwa, da ta rage musu wahala.

Mutanenmu sun san wannan rumbu ta hanya mai ɗaci ma. A shekarun yunwa, irin wadda aka yi a Nijar a 2005 da Chadi a 2010, an ga mata suna fasa gidajen tururuwa, su tankaɗe ƙasar, su sami ɗan abin da za a dama wa yara. Allah kada ya maimaita mana.

Amma ka lura da abu guda. A rumbun nan ba tururuwar da ke da nata ɗaki da makulli. Wadda ta ɗauko ƙwayar ba lalle ita za ta ci ba. Ta gida ce gaba ɗaya, da masu fita, da masu renon ƙwai a ƙarƙashin ƙasa. Tururuwa da yawa ma, in ɗaya ta ƙoshi ta gamu da 'yar'uwarta mai yunwa, baki da baki take ba ta daga abin da ke cikinta.

Yanzu koma ka sake karanta maganar mai rumbunan nan, ka ƙirga mutanen da ke cikinta. Shi kaɗai ne. Da kansa ya yi shawara, kansa ya yi wa albishir. Ba matarsa, ba 'yan ƙwadagon da suka yi masa noma da girbi, ba maƙwabcin da gonarsa ta ƙi. Ko Allah da ya ba da ruwan bai sami shiga ba. Rumbu ba shi ne laifinsa ba; Yusufu ma ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar Masar har shekara 7, amma da yunwa ta zo ya buɗe ya sayar, har 'yan'uwan da suka sayar da shi suka ci. Laifin mutumin shi ne ya kai inda ya kamata ya ce "ya isa", bai faɗa ba. Rumbunan da yake da su sun cika maƙil. Abin da ya yi saura a ƙofa shi ya ɗauke shi matsalar gini, alhali abincin wani ne. A nan hankaka da tururuwa suka haɗu, su biyun suka raba hanya da shi: kowannensu ya san inda nemansa ke tsayawa.

Kada a ɗauka labarin zamanin da ne kawai. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kowa ya ga yadda kasuwa ta koma. A tsakiyar 2024 alƙaluman gwamnati da kansu sun nuna tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A irin wannan lokaci wasu suka gano buhun masara ya fi banki riba. A saya da kaka, lokacin da manomi ke neman kuɗin makaranta da na Kirsimeti ya sayar da araha, a kulle a sito, a jira Yuli da Agusta, sa'ad da rumbun talaka ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Ciniki halal ne, ajiya ma ba haramun ba ce; in ba mai ajiyewa, da damina ba za a sami na saye ba. Amma Karin Magana sura 11 aya 26 ta raba mai sayar da hatsi da mai danne shi, ɗaya albarka ake sa masa, ɗaya baki jama'a ke yi masa. Ba wanda zai yanka maka cewa buhu kaza tanadi ne, daga kaza ya zama ɓoyo. Zuciyarka ce za ta faɗa maka. Ran da ka ji fari ya kama wani yanki, ko 'yan bindiga sun hana mutane zuwa gona, farashi zai tashi, me ta fara ji? In daɗi ya riga tausayi, to ba tururuwa kake bi ba. A cikinmu akwai masu yin haka, kuma ranar Lahadi suna kujerar gaba.

A wajen shekara ta 369 an yi fari da yunwa a Kafadokiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Wani malamin ikilisiya, Basil na Kaisariya, ya tsaya ya yi wa'azi a kan misalin nan na mai rumbuna a kunnen attajiran da suka kulle hatsi, ya kuma sayar da abin da ya gada, ya kafa tukwane ana dafa wa mayunwata. Ka ji wani irin rabon gado.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna duba abin da dabbobi ke koya wa mai bi game da zama daidai ƙarfinsa.

A Karin Magana sura 30 akwai wani mutum, Agur ɗan Yake, da ya yi addu'ar da ban cika jin ana yin ta a daren addu'a ba. Ya roƙi Allah ya tsare shi daga gefe biyu, tsiya da yawan dukiya, ya auna masa daidai cikinsa. Dalilinsa, ƙoshi fiye da kima na iya sa ya manta da Ubangiji, tsiya kuma na iya kai shi sata ya ɓata sunan Allahnsa. Rabin farko kowa zai ce amin da ƙarfi. Rabi na biyu, sai coci ta yi tsit. A wannan surar ce dai aka lissafa ƙananan halittu huɗu masu hikima: tururuwa, rema, fara da ƙadangare. Fara da ƙadangare mu bar su sai wani jiƙon. Rema nake so mu duba.

Mutanen Filato da sauran masu zama gindin duwatsu sun san shi. Ga wanda bai sani ba, ɗan dabba ne gajere dumɓur, kunnuwa ƙanana, wutsiya ba ta ko ganuwa, nauyinsa bai fi kilo 4 ko 5 ba. Ba ƙaho, ba farcen tona rami, gudunsa a fili ba wani abin kirki ba ne. Gaggafa na son sa, damisa na son sa, mesa ma haka. Masana sun ce a cikin dabbobin tudu giwa ce danginsa mafi kusa, amma bai taɓa fita ya ce shi ɗan gidan giwa ne a ba shi hanya ba. Ya san ƙarfinsa. Sai ya nemi tsagin dutse, wanda ya ishe shi shiga amma bai ishi damisa ba, ya mai da shi gida. Tafin ƙafarsa da taushi da danshi, yana kama dutse ba zamewa. Da safe sukan fito su jeru su sha hantsi, su ɗan yi kiwo kusa da gida, ɗaya na bisa yana gadi. Da ya yi kuka kowa ya faɗa tsaginsa. Mafi yawan yininsu hutu ne. Ƙanƙantar ƙofar nan ita ce tsaronsa. Da zai faɗaɗa ta don baƙi su yaba, da damisa ce za ta fara zuwa ganin gida.

Dubi yadda muke faɗaɗa tamu. Yaro ya sami aikin koyarwa, albashinsa sananne ne, zai yi aure. Maimakon a auna bikin da aljihunsa, sai a auna shi da bikin 'yar wane da aka yi bara. Anko kala biyu, na coci daban na liyafa daban. Hayar zaure, hayar rumfa, kek hawa-hawa, mai hoto da mai bidiyo, motocin rakiya. Kuɗi ba su kai ba, sai a roƙi ɗaukan adashi kafin lokaci, a sayar da akuyar uwa, a shiga manhajar bashi ta waya, irin waɗanda in ka yi latti suke aika wa duk lambobin da ke wayarka saƙon tozarci. An yi biki, an watsa hotuna a Facebook, an sha yabo kwana biyu. Wata na uku amarya na tambayar kuɗin cefane, ango na kashe waya saboda masu bin bashi. Zaman makoki ma ya bi sahu: mutum bai sami kuɗin magani ba yana da rai, ya mutu an yanka saniya an buga riguna da hotonsa. Iyayena mata na zumunta, ku gafarce ni, amma ankon nan a duba shi. Matar da ba ta da kuɗin zanen bana sai ta ƙi zuwa taro don kunya, ita ce kuwa ta fi kowa bukatar zumuntar. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma wannan ciwon namu ya fi kama da tsoron bakin mutane. Dabba ba ta da shi. Ba a taɓa jin kurciya ta ci bashi don sheƙarta ta kai ta shamuwa girma ba.

Wani zai ce, to ina zan samo nawa ma'aunin? John Wesley, wanda tafiyar Methodist ta faro ta hannunsa a Ingila, ya kuma rasu a 1791, ya ba da labarin wani saurayi a Oxford, da yawa sun ɗauka kansa yake nufi. Shekarar farko samunsa fam 30 ne, ya rayu a kan 28, ya ba da 2. Ta biyu ya sami 60, ya rayu a kan 28, ya ba da 32. Ta uku 90, ta huɗu 120, shi dai yana nan a kan 28 ɗinsa. Gaskiya ne saurayi ne ba iyali, kuma kuɗinsu ba sa narkewa kamar naira. Wanda ya ce zai rayu bana a kan abin da ya rayu a 2020 zai kwana da yunwa. Ba lambar za mu ɗauka ba. Abin ɗauka shi ne ya yanke iyakarsa tun kafin kuɗin su zo. Mu mukan bari sai sun zo, kuɗi kuwa da bukatunsu suke zuwa: ƙarin albashin Janairu, kafin Ista ya zama ba ya isa. Dabba da ma'auninta aka halicce ta. Zaki in ya ƙoshi, barewa na kiwo a gabansa ba ya ɗaga kai. Mutum ne aka bar wa aikin ya yanka wa kansa, shi ya sa nasa ya zama ibada. Ku zauna, maigida da uwargida, da takarda da biro: abinci, haya, makaranta, magani, da ɗan tanadin damina irin na tururuwa. Ku ja layi. Abin da ya haura layin, ku yi addu'a a kansa kafin ku shiga kasuwa da shi.

Yanzu bari in juya wurin waɗanda zancen nan zai iya ɓata wa rai. Kai da aka koro daga ƙauyenku kana raɓe a sansani ko a ɗakin ɗan'uwa, ke da mijinki ya rasu ya bar miki yara, ku da kuke ɗora tukunya sau ɗaya a yini: ba ku nake cewa ku rage ba. Me za ku rage? Wanda ya tsaya da ƙoshi yana yi wa mayunwaci wa'azin wadar zuci ya ji tsoron Allah. Talauci ba tsarki ba ne, Agur ma ya roƙi a raba shi da shi.

Naku tsuntsun daban ne. A Matiyu sura 10 Yesu ya ambaci farashin gwara a kasuwa, biyu a kan ɗan tsabar kuɗi guda, wanda sai ka tara 16 kafin su kai dinari, ladan ɗan ƙwadago na yini ɗaya. A Luka sura 12 kuma biyar ne a kan tsaba biyu. Iyayena mata, ku yi lissafin. In biyu kobo ne, kobo biyu ai huɗu zai saya. Ta biyar ɗin fa? Ita ce gyara, wadda mai talla ke jefawa a kai don ciniki ya faɗa, ba a biya ko anini a kanta ba. Ita ma, in ji Yesu, tana cikin lissafin Allah. Ka kuma lura, bai ce gwara ba ta faɗuwa ba. Tana faɗuwa, ana kama ta, ana kai ta kasuwa. Abin da ya tabbatar shi ne ba a bayan idon Uba take faɗuwa ba. Duk mai wa'azin da ya ce maka in bangaskiyarka ta cika ba za ka ga wahala ba, wai ka shuka iri a hannunsa mota ta fito, ka tambaye shi ina ya kai gwarar nan, ina kuma ya kai Ubangijin da ya ce yanyawa da tsuntsu sun fi shi wurin kwana.

To, ta wace hanya Allah ke ciyarwa? A 1 Sarakuna sura 17, da aka yi fari a zamanin sarki Ahab, annabi Iliya ya ɓuya a rafin Kerit, hankaki ne ke kawo masa gurasa da nama safe da yamma. Tsuntsun da aka sani da fizge, shi aka mai da ɗan aike. Da rafin ya ƙafe, ba a tura shi gidan attajiri ba, sai wurin wata gwauruwa a Zarefat, ba ma Ba'isra'iliya ba, wadda ta rage da ɗan gari da ɗan mai, tana tsintar itace ta dafa na ƙarshe ita da ɗanta. Ta raba da shi, garin kuma bai ƙare ba. A labarin nan abinci ta bakin tsuntsu ya bi, ta hannun mace ya bi. In aka ce Allah zai ciyar da gwauruwar da ke bayan gidanka, mai yiwuwa buhun da ya yi saura a ɗakinka ake nufi.

Ga shawara ga dattawan ikilisiya. A bikin godiyar kaka ana tara masara da dawa da shinkafa da doya a gaban bagade, sau da yawa a yi gwanjonsu ran nan, kuɗin su shiga gini. Ginin ba laifi ba ne. Amma ku gwada ware kashi guda na hatsin, ko buhu 5 ne, a busar da shi sosai, a zuba a buhun nan mai leda a ciki da ke hana ƙwaro, a ajiye a ɗaki mai makulli biyu: ɗaya a hannun dattijo, ɗaya a hannun shugabar zumuntar mata, don su ne suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba. Kada a taɓa sai Yuli. In lokacin ya yi, a riƙa kaiwa da dare mudu-mudu, ba sanarwa, ba hoto, kuma kada a tambayi mai karɓa wace coci yake zuwa, ko ma yana zuwa.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, jaki za mu ɗauko, wanda annabi Ishaya ya kafa misali da shi, da kuma jakar Bal'amu da ta hango abin da mahayinta bai gani ba. Kafin nan, ku huta lafiya, Ubangiji ya tsare mu baki ɗaya.

(Kiɗan rufe shiri)